Ƙananan Ƙarafan da ke Riƙe da Duwatsun Ado: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan sarƙar duwatsu ta tsinke a wuyan mace ana tsakiyar biki, da wuya a tarar dutsen ne ya fashe. Ku duba inda ta rabu. Kusan kullum a wurin maɗauri ne, ko a 'yar ƙawanyar da ta haɗa maɗaurin da jikin sarƙar, ko a ɗan bututun da aka matse a ƙarshen waya. Ɓangaren da ya fi kowanne arha, wanda mai saye ba ta ko kallonsa a lokacin ciniki, shi ne ke yanke yawan kwanakin da kayan za su yi. Masu koyon sana'ar haɗa duwatsun ado sukan kashe kuɗinsu da lokacinsu wajen zaɓen launi da tsarin jeri, sannan su ce wa mai shago ya ba su kowace irin ƙugiya da ke kusa da hannunsa. Daga nan matsalar take farawa.

Ƙarafan da ake magana ba su da yawa. Akwai fil mai kai, wato gajeriyar waya miƙaƙƙiya da aka yi wa ɗan faifai ko ɗan ƙwallo a gindi don ya tare dutse kada ya zame. Da shi ake yin lilon 'yan kunne da abin da ke reto a tsakiyar sarƙa. Akwai fil mai ido, wanda gindinsa madauki ne, ana haɗa dutse da dutse da shi har su zama sarƙa. Akwai ƙawanya, ƙaramin zoben da aka tsaga a gefe ɗaya. Sai maɗauri iri-iri, da ƙugiyar kunne, da bututun matsewa, da ita kanta wayar da ake zura duwatsu a jikinta. Kusan dukkansu waya ce aka lanƙwasa, don haka wanda ya fahimci waya ya fahimci sauran.

Abu na farko da ke ruɗa sabon shiga shi ne lambar kauri. A jikin leda ko ƙunshin waya za a ga an rubuta 18, 20, 22, 24 ko 26, sau da yawa da harafin G a gefe. Lissafin a juye yake: gwargwadon girman lamba, gwargwadon sirantar waya. Dalilin yana cikin yadda ake ƙera ta. Ana jan ƙarfe ne ta cikin ramukan wani faranti, daga babban rami zuwa ƙarami, kuma asalin lambar tana nuni ne ga yawan jan da aka yi, saboda haka wadda ta sha ja da yawa ita ce siririya. A ma'aunin Amurka, wanda kamfanin Brown & Sharpe ya tsara a 1857 kuma akasarin kayan wannan sana'a ke bi, lamba 18 tana da kaurin kusan milimita 1.0, lamba 20 kusan 0.8, lamba 22 kusan 0.64, lamba 24 kusan 0.5, lamba 26 kuwa kusan 0.4. Ingila tana da nata ma'aunin daban, inda lamba 20 ta kai milimita 0.9. Shi ya sa idan leda ta zo da milimita a rubuce, ku bi milimitar, ita ce ba ta da gardama.

Ramin dutse ne ke zaɓen waya, ba son ran mai aiki ba. Lu'ulu'u da ƙananan duwatsu masu daraja ramukansu matsattsu ne, galibi sai lamba 24 ko 26 ke wucewa. Duwatsun gilashi na masana'anta, irin na ƙasar Cek ko na Sin da suka cika kasuwa, suna karɓar 22 ko 20 ba tare da wahala ba. Tsofaffin duwatsun aƙiƙ da aka huda da hannu suna da wata ɗabi'a ta daban: daga gefe biyu aka huda su, ramukan suka haɗu a tsakiya, kuma ba kullum suke haɗuwa daidai ba. Sai waya ta shiga lafiya ta je tsakiya ta cije. Kada a tura da ƙarfi, dutsen na iya tsagewa. A sauko zuwa waya mai ƙaramin kauri, ko a gyara ramin da siririn zarto da ɗan ruwa.

Duwatsun da ake yi a yankinmu kuma matsalarsu akasin haka ce. Masagan Bida, masu narka kwalabe, suna naɗa narkakken gilashi ne a jikin sandar ƙarfe, don haka ramin yakan fito da faɗi. Haka na Krobo a Gana, inda ake daka gilashi ya zama gari, a zuba cikin mazubin yumɓu, a soka karan ganyen rogo a tsakiya. In an gasa sai karan ya ƙone ya bar rami. Idan aka sa irin waɗannan a fil mai kai, kan fil ɗin wucewa yake yi ta ramin, dutsen ya faɗo. Maganin shi ne a fara zura ɗan ƙaramin dutse ko 'yar hular ƙarfe a gindi kafin babban. In kuma dutsen yana rawa a jikin waya, yana karkata gefe guda, a cusa ƙananan duwatsu 'yan mitsi-mitsi a jikin wayar su shige cikin ramin su cike gurbin. Bakin ramin irin waɗannan duwatsu yakan yi kaushi, kuma kaushin nan yana cin zare da rigar waya a hankali. Minti ɗaya na gogewa da zarto ya fi zurin sarƙa sau biyu.

Bayan kauri sai tauri, kuma nan ne mutane da dama ba su san akwai bambanci ba. Waya biyu za su iya zama lamba ɗaya, ƙarfe ɗaya, amma ɗaya ta lanƙwasu da yatsa, ɗayar ta yi tsalle ta koma yadda take. Ana sayar da ita mataki uku: mai laushi ƙwarai, mai matsakaicin tauri, da mai tauri sosai. Mai laushi ta dace da naɗi da zane-zane, amma idan aka yi ƙugiyar kunne ko ƙawanya da ita, buɗewa za ta yi da ɗan ja kaɗan. Abin da zai ɗauki nauyi, matsakaiciya yake so. Ƙarfe kuma yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi ko aka buga shi. Wannan yana da amfani, domin idan aka yi ƙugiya da waya mai ɗan laushi, sai a ɗora ta a kan dakalin ƙarfe a bubbuga a hankali da gudumar roba ko ta itace, ta yi ƙarfi ba tare da ta baje ba. Yana kuma da illa: wanda ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya ga ƙarshen lamarin. Madaukin da aka buɗe aka rufe, aka sake buɗewa aka gyara, ya riga ya gaji. A yar da shi a ɗauki sabon fil.

Kayan aikin da ba makawa guda uku ne: filaya mai zagayen baki ta yin madauki, filaya mai shafaffen baki ta riƙo da lanƙwasa, da abin yanka waya wanda gefensa ɗaya ke yanka a miƙe. Filayar masu gyaran lantarki tana da haƙora, tana barin tabo a jikin ƙarfe, tana kuma kankare ruwan gwal ko na azurfa da aka shafa. In ita kaɗai ke akwai, a naɗe bakinta da salatif.

Madauki iri biyu ne, kuma a ganina bambancinsu shi ne bambancin aikin ɗan koyo da na gwani. Na farko shi ne madauki tsirara: a bar kusan santimita ɗaya na waya a saman dutse, a karya ta gefe, a murɗa ta da filaya mai zagayen baki har bakinta ya dawo ya taɓa wuya. Yana da sauri, yana da kyau a ido, amma a buɗe yake, ƙarfin wayar kaɗai ke riƙe da shi. Ya isa ga ƙaramin dutse a waya mai lamba 20. Idan wayar ta kai sirantar 24, ko dutsen yana da nauyi, ko abin hannu ne da zai riƙa maƙalewa a gyale, to madauki naɗaɗɗe ake bukata.

Ga yadda ake yinsa. A zura dutse a fil mai tsawo, yadda za a sami rarar waya ta kamar santimita uku zuwa huɗu. A kama wayar da ƙarshen bakin shafaffiyar filaya, daf da saman dutsen, a karya abin da ya yi saura zuwa gefe. Ɗan wurin da filayar ta riƙe ya zama wuya, milimita biyu ko uku, nan ne naɗin zai zauna. A sauya zuwa mai zagayen baki, a kama daidai kusurwar, a ɗauko jelar wayar da yatsa a zagayo da ita ta saman baki ɗaya har ta kalli ƙasa. A sassauta, a juya filayar yadda ɗayan bakin zai ba da hanya, a ƙarasa zagayen har jelar ta gitta wuyan. Yanzu an sami da'ira a saman dutse. Nan ne wurin da ake yawan mantuwa: idan za a maƙala shi a sarƙa ko a rufaffiyar ƙawanya, yanzu ne lokacin, kafin a naɗe, domin bayan naɗi babu sauran ƙofa. Daga nan a riƙe da'irar a kwance cikin shafaffiyar filaya, a naɗa jelar a wuyan sau biyu ko uku, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, daga sama zuwa ƙasa. A yanke rara da miƙaƙƙen gefen abin yanka, a danne tsinin da ya rage ya kwanta. A shafa yatsa a wurin. In ya ja fatar yatsa, zai ja zaren leshi. Irin wannan madauki ba ya buɗewa, sai dai wayar ta katse.

Ƙawanya kuwa ba a buɗe ta ta hanyar ja hagu da dama. Yin haka yana ɓata da'irar, kuma ba za ta sake haɗuwa daidai ba. Ana kama ta ne da filaya biyu, tsagar tana sama, a tura gefe ɗaya gaba, a jawo ɗayan baya, kamar yadda ake tura ƙyauren ƙofa. Wajen rufewa a dawo da su ta hanyar da suka bi, a ɗan wuce kaɗan sannan a komo, ana matsa su ciki, har a ji bakunan biyu sun gogi juna. A ɗaga ta a hasken rana. In ana hango haske ta tsagar, siririyar waya ko zare zai bi ta nan ya fice wata rana. Saboda wannan ne ƙwararru ba sa ɗaura zare ko wayar zuri kai tsaye a tsagaggiyar ƙawanya. Suna amfani da wadda aka like, ko mai zagaye biyu irin ta maƙalin makulli. Idan abin wuyan yana ɗauke da nauyi na gaske, misali kuros ɗin azurfa irin na Agadas ko babban murjani na gado, ku kai wa maƙerin fari ya like ƙawanyar da wuta. Aikin ɗan lokaci ne a wurinsa, kuma kuɗin bai kai ɓacin ran ɓatar da abin ba.

Wayar zuri ba waya ɗaya ba ce. Ƙananan zaruruwan ƙarfe ne aka tufka, aka lulluɓe da roba. Kamfanoni irin su Beadalon suna yin ta da zare 7, ko 19, ko 49. Mai 7 ita ce mafi arha, kuma ita ce mafi saurin yin ƙulli: da zarar ta karye a wuri ɗaya, karyewar ba ta fita, sarƙar ta dinga tsayawa a karkace. Mai 49 tana kwanciya a wuya kusan yadda zare ke yi. Kaurinta yakan fara daga kusan milimita 0.3 na ƙananan duwatsu zuwa 0.6 na manya, kuma 0.45 tana ɗaukar yawancin aiki. Ba a ƙulla ta, matse ta ake yi. A zura ta cikin bututun matsewa, a bi ta idon maɗauri, a dawo da ita cikin bututun. Kafin a matse a tabbata wayoyin biyu suna kwance gefe da gefe, ba su hau juna ba, domin in sun gitta ɗaya za ta yanki ɗaya. Filayar matsewa tana da gurbi biyu: na ciki yana yin kwari a tsakiyar bututun ya raba wayoyin, na waje yana ninke shi ya dunƙule. Wanda ba shi da ita zai iya baje bututun da shafaffiyar filaya, zai riƙe, sai dai gefensa yakan yi kaifi. Sannan a ja da ƙarfi a gwada tun kafin a zura dutse ko ɗaya.

Akwai wata dabara a matsi na biyu, na ƙarshen sarƙa. Idan aka miƙe sarƙar a kan tebur aka ja wayar tam aka matse, to da an lanƙwasa ta a wuya duwatsun za su cushe, sarƙar ta sandare, nauyin duka ya koma kan bututun. A naɗe ta a da'ira tukuna, yadda za ta zauna a jiki, sannan a matse. Ɗan sararin da zai rage shi ne numfashinta.

Mutane da yawa suna zuri da zaren kamun kifi saboda arha da ƙarfi, sannan su matse shi da bututun ƙarfe. Ƙarfen yana cin zaren, rana da zafi kuma suna busar da shi har ya riƙa karyewa. Ba kowane abu ne ma yake son ƙarfe ba. Carbi yana bukatar zare mai laushi da duwatsu za su riƙa zamewa a kai, jigida kuma tun asali da zare ake ɗaura ta, kuma tunda tana shan wanka da gumi, duk ƙarfen da aka sa mata sai ya zama marar tsatsa. Akwai kuma wata waya mai tauri da ke zuwa a naɗe, wadda ke komawa da'irarta ko an buɗe ta, ana yin awarwaro da ita. Kada a kusance ta da abin yanka na yau da kullum, take za ta yi masa giɓi. Tana da nata abin yankan.

Maɗauri ba ya bukatar dogon bayani. Mai 'yar maƙata da ake ja da farce ya fi aminci ga yawancin sarƙoƙi. Mai sanda da zobe yana da sauƙin sawa da hannu ɗaya, amma yana son nauyi ya riƙa jansa, kuma sai an bar ƙananan duwatsu kusa da sandar don ta sami wurin juyawa. Mai mayen ƙarfe yana taimaka wa tsofaffi da masu ciwon yatsu, sai dai yana buɗewa a sarƙa mai nauyi, bai dace da yara ba, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya nisance shi.

Sai batun da ya shafi lafiya, wato irin ƙarfen kansa. Yawancin ƙugiyoyi da filan da ake sayarwa a ƙulle-ƙulle baƙin ƙarfe ne ko tagulla da aka yi wa wankan gwal ko na azurfa, kuma wankan siriri ne ƙwarai. Gumi, turare, humra da man shafawa suna cinye shi cikin ɗan lokaci. Idan na ƙasan baƙin ƙarfe ne sai tsatsa ta biyo baya, musamman da damina. Mayen ƙarfe zai nuna muku shi tun a shago, domin zai manne. Idan jan ƙarfe ne ko tagulla, fata takan yi kore. Koren nan muni ne kawai, sabulu yana fitar da shi. Wanda ya fi damuwa shi ne nikel, wanda ake yawan shimfiɗawa a ƙarƙashin wankan don ya ƙara sheƙi. Jikin mutane da dama ba ya jituwa da shi: ƙaiƙayi, ja, ƙuraje, wani lokaci har kunne ya riƙa ruwa. Wanda jikinsa ya fara ƙin nikel kuwa yawanci haka zai ci gaba. Tarayyar Turai ta kafa doka a kansa tun 1994, inda ta taƙaita abin da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su iya saki zuwa maikirogiram 0.5 a kowane murabba'in santimita a mako, daga baya kuma ta sa 0.2 ga abin da ke shiga hujin jiki. Kayan da aka zubo a buhu ba tambari ba takarda, ba mai iya ce muku sun bi wannan ƙa'ida.

Don haka ko da sauran kayan na talaka ne, ƙugiyar kunne ta zama mai kyau. Azurfa mai tambarin 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran galibi jan ƙarfe, tana yin baƙi amma tana gogewa ta dawo. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L yana da nikel a cikinsa, amma kaɗan yake saki, kuma yawancin mutane suna zama lafiya da shi. Wadda kunnenta ya ƙi komai, titaniyom ne mafita. Akwai kuma mai rufin gwal mai kauri, da ake wa alamar 14/20, ma'ana kashi ɗaya cikin ashirin na nauyinsa gwal ne mai karat 14. Yana shekaru bai koɗe ba, ba kamar mai wanka ba. Ku yi hattara da abin da ake kira azurfar Jamus: babu azurfa ko ɗigo a ciki, haɗin jan ƙarfe ne da zink da nikel ɗin da ake gudu. Kaurin ƙugiyar kunne kuma lamba 20 ne ko 21. Wadda ta fi haka kauri tana takura huji, wadda ta fi siranta tana yankan fatar kunne in lilon ya yi nauyi. In da hannu aka lanƙwasa ta, a goge tsininta ya yi santsi kafin ta kusanci kunnen kowa.

Kayan yara sun fi bukatar tsanani, saboda yaro komai baki yake kaiwa. Wasu ƙananan kayan ado da ake zubawa a mazubi suna ɗauke da dalma ko kadmiyom. A 2006 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu a birnin Miniyafolis na Amurka bayan ya haɗiye ɗan abin ado mai siffar zuciya da aka bayar kyauta tare da takalman Reebok. Gwaji ya nuna kusan dukkansa dalma ne, aka janye kimanin guda 300,000 daga hannun jama'a. Abin da ya yi nauyi fiye da girmansa, mai launin toka a ƙarƙashin wanka, mai laushin da farce ko wuƙa ke yi wa zane, kada ya shiga abin hannun jariri.

Hausawa sun ce arha ba ta ado, kuma a wannan sana'a lissafin ma yana goyon bayansu. Sarƙa ɗaya maɗauri ɗaya take ci, da ƙawanya biyu, da bututu biyu. Ƙarin kuɗin sayen masu kyau ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin duwatsu da wunin da aka yi ana zuri, alhali sarƙar da ta dawo a tsinke tana tafiya da mai saye da duk ƙawayenta. Mai sana'a ta riƙa gaya wa mai saye gaskiyar ƙarfen da ta sa, ta kuma ce mata ta fesa turare ya bushe kafin ta ɗaura sarƙa, ta cire kafin wanka, ta goge da busasshen ƙyalle, ta adana a leda mai zif. Ku kuma masu saye, kafin ku biya, ku juya sarƙar ta baya, ku ja maɗaurin a hankali, ku duba ko ƙawanyar a rufe take, sannan ku tambayi da wane ƙarfe aka yi ƙugiyar kunnen.